Ranar da Bashiru ya taka gilashi a Paris

"Inna, dubi ƙafafuna!" in ji ƙanena Bashiru, ya juya wayarsa ƙasa.

Ni da mahaifiyarmu muna tsakar gida a Gusau, shi yana Paris inda yake karatu, ya kira mu ta bidiyo daga kan hasumiyar Eiffel. Ashe inda ya taka gilashi ne zalla. Ƙarƙashin takalmansa mutane kamar tururuwa.

Inna ta yi salati. Sai hoton ya karkace, muka ji ihu, kiran ya yanke.

Na yi ta kira, ba ya shiga. Inna ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta ƙura wa wayar ido.

Can sai ga shi ya sake kiranmu, yana dariya. Wai wani ne ya bangaje shi, wayar ta faɗi ta mutu.

"Haba Inna, ai nan ya fi hanyar Tsafe aminci."

"Hanyar Tsafe na san addu'arta, Bashiru. Sauko."

Ya kuwa sauko. Ni dai har yanzu gabana faɗuwa yake. Masu 'yan'uwa a nesa, yaya kuke yi da zuciyarku?