Gonar kunkurun Baba

Ina tsugune bayan kicin ɗinmu a Kafanchan ina lallashin kunkuru da burodi, sai ga Gwaggo Saratu, ƙanwar marigayi Babanmu, daga Kagoma.

Kunkurun na Baba ne, ya ma girme ni. Tun bayan jana'iza ya janye kansa ciki, ya ƙi cin komai. Ni duk na ɗauka makoki yake yi.

Gwaggo ta ga tsakar gida fes, ta riƙe baki.

"Wa ya nome gindin katangan nan?"

Na ce matan zumunta na cocinmu ne suka gyara wuri saboda masu zuwa gaisuwa.

"Wayyo Yesu! Ai gonan kunkuru kuka share. Kin taɓa ganin Babanki ya bar ciyawa a banza?"

Ta ja ni can bayan katangar gidanmu, inda ba a taɓa fesa magani ba, ta tsinko zaƙi-banza da harshen saniya da yakuwa. Na kai hannu kan wani mai dogon farin fure, ta buge hannun.

"Zaƙami ne wannan, kashe shi zai yi!"

Muna ajiye masa ganyen, a hankali ya leƙo, ya shinshina, ya kai baki. Sai ga ni ina hawaye.

Shekaru na yi ina yi wa Baba tsiya wai bai iya gyaran gida ba. Yanzu na kewaye gindin katangar da duwatsu, har ciyayin sun fara tsirowa.

Masu kunkuru, naku me yake ci? Ku faɗa mini, gonar Baba nake tayarwa.