Hannun Yayanmu na Dama

Yayanmu babba ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. A gidanmu na unguwar Gidan Igwai ba a gama cin tuwo ba tare da an ji labarin ƙarfinsa ba: buhun da ya ɗaga shi kaɗai, injin da ya ƙi tashi sai da ya zo ya taɓa shi. Mu ƙannensa mun haddace labaran, har mukan ƙarasa masa idan ya tsaya shan ruwa.

Wata ranar aiki bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa, ya ja hannun dama ya shige. Kafin a kashe wuta yatsu biyu sun tafi, wuyan hannun kuma ya karye. Da muka isa asibiti ni da matarsa, wadda muke kira Anti, muna kuka, sai muka tarar da shi yana yi wa ma'aikaciyar jinya bayanin cewa da wani ne ba shi ba, da hannun gaba ɗaya ya tafi.

Washegari manajan kamfanin ya zo dubiya da ayaba da lemun kwalba. Ya biya kuɗin ɗinkin farko, ya zauna a bakin gado, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Wannan zama a bakin gado ya fi wa Yaya magani daɗi. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa wurin.

"Nan, nan ɗin ga ya zamna. Da kai nai."

Bayan an sallame shi albashi ya zo sau ɗaya, daga nan shiru. Da Anti ta yi magana sai ya ce ƙaddara ce, kuma mutumin da ya kawo maka ayaba ba ka tada masa hankali. Anti ta ce ita ma ta yarda da ƙaddara, amma ayabar ta ƙare tuntuni, yara kuma ba su daina cin abinci ba.

Ina da ƙawa tun makarantar sakandare wadda ta zama lauya, tana da ɗan ofis a Sabon Gari, a saman wani shagon tayoyi. Da na ambace ta, Yaya ya dube ni kamar na ce a kira 'yan sanda.

"Ni ban taɓa kai kowa ƙara ba. Kuma wace lauya? Yarinyar ga da ka zuwa nan tana cinye muna ƙanzo?"

Ita ce kuwa. Sai da Anti ta daina yi masa magana na kwana biyu, ta riƙa aiko masa da abinci ta hannuna, sannan ya yarda, bisa sharaɗin gaisuwa kawai za mu je. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya fesa turare, muka tari keke napep.

Ƙawata ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi Yaya kamar dā, wannan ya sassauta shi. Ta bar shi ya gama ba da labarin injin tun daga ranar da aka kawo shi, sannan ta ce masa ba ƙara za a kai ba. Doka ce ta tanadi cewa ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani, a kuma ba shi diyya gwargwadon abin da ya rasa. Akwai asusun da kamfani ke zuba kuɗi saboda irin wannan rana, abin da ake bukata shi ne kamfanin ya kai rahoto, likita kuma ya auna raunin.

"To manaja ba za ya ji haushi ba?"

"Yaya, in ya ji, ni zai ji wa. Ni zan rubuta."

Ta rubuta wa kamfanin, ta sake rubutawa, ta taka da ƙafarta. Ashe ba a ma kai rahoton ba. Da suka ga ba za ta gaji ba, suka kai, aka sa ranar ganin likita.

A nan ne muka kusa yin asara. Ƙawata ta ja masa kunne tun a hanya cewa ya faɗi gaskiya kawai, kada ya ƙara, kada ya rage. Ni ina tsoron ƙari, na san halinsa. Ashe ragin ne zai ba mu wahala. Likitan na tambayarsa yaya hannu, sai Yaya ya gyara zama.

"Lahiya lau, likita. Kamar ba a yi komi ba. Kawo hannunka ka ji."

Ya miƙa hannun zai matse na likita, fuskarsa na nuna zafin da bakinsa ke musantawa. Aka tambaye shi ko yana iya ɗaukar kaya, ya ce ko yanzu a kawo buhu. Na ga ƙawata ta rufe ido. Likitan ya ɗauki biro zai rubuta.

Anti ce ta yi magana daga bayan ɗaki, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Likita, tambaye shi wa ke ɗaure mai zariyar wando da sahe."

Ta ci gaba, a hankali, ta ce tun da abin ya faru da cokali yake cin tuwo, da hagu, kuma sai ya tabbatar yara sun fita. Ta ce buta ma sai an zuba masa. Likitan ya ajiye maɓalli a kan tebur ya ce ya ɗauka. Yaya ya gwada, maɓallin ya zame. Ya sake gwadawa, maɓallin ya faɗi ƙasa. Yaya ya daɗe yana kallon hannun kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya ce, "Rubuta abin da ka gani, likita."

Muka tari keke muka komo. Sai da muka kusa gida ya juya ya dubi Anti.

"Zancen zariyar ga, dole sai kin faɗe shi gaban mutane?"

"Da ka bari an kawo buhun," in ji ta.

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa, mu ma muka samu ta yi.

Maganar ta ɗauki watanni. Yaya ya riƙa kiran ƙawata a waya kusan kullum, wai yana ba ta shawara kan yadda ake bi da manya. Daga "yarinyar ga" ta koma "Barista", daga baya "Baristarmu". A ƙarshe aka biya kuɗin magani, aka sa masa wani abu da zai riƙa karɓa duk wata. Bai koma injin ba. Ya kama ɗan shago a bakin titi yana sayar da shinkafa da gero, ya koyi awo da hagu.

Da komai ya kammala ya ce lallai sai ya yi wa Barista godiya ta mutunci, duk da ta ce ta riga ta karɓi haƙƙin aikinta. Bai gaya wa kowa ba ya sayi jar akuya, ya sa ta a keke, ya kai ta Sabon Gari ya ɗaure a ƙasan matakalar ofis. Ƙawata na sama da baƙi, sai kuka ta ji, da muryar mai tayoyi yana tambayar akuyar wa ce ke cin rasit ɗinsa. Ta sauko ta tarar da Yaya riƙe da igiya yana washe baki. Ta rasa inda za ta kai ta, gidan haya take zaune a bene. Da yamma ta kira ni tana dariya har tana shaƙewa, ta ce in zo in taya ta, mu kai akuyar gidan mahaifiyarta a unguwar Gidan Dahala. Ni na riƙe ƙafafun baya.