Gawon Gonar Babana

Ko da zan manta ranar da na fara riƙe buroshi, ba na jin zan taɓa manta baje kolin zane-zane da muka yi a Wurno, lokacin da na kusa ɓata aikin hannuna da kaina saboda kunyar rashin takarda.

A lokacin sana'ata fenti ce. Ni ke rubuta allunan shaguna, ni ke yi wa 'yan kabu-kabu ado a jikin babura, fure ko dabino ko jinjirin wata. Karatuna bai wuce firamare ba, can Rimawa inda aka haife ni. Idan aiki ya yi sauƙi sai in samu guntun katako in zana abin da raina ke so, in jingine bayan shago. Ba wanda ya taɓa kirana mai zane. Mai fenti ake ce mini, haka kuma nake amsawa.

Wata rana malamin zane na wata makarantar sakandare ya zo a rubuta masa allo, idonsa ya kai kan katakan nan. Ya ce yana haɗa masu zane da masu ɗaukar hoto na Wurno da Rabah da Goronyo su baje aikinsu a zauren makaranta, komai a kan ƙasarmu: gulbi, itatuwa, gonaki, tsuntsaye. Da ni za mu zama bakwai. Kowane mai kallo za a ba shi ƙwayar wake ɗaya a ƙofa, ya jefa cikin ƙwaryar da ke ƙarƙashin aikin da ya fi burge shi. Wanda ƙwaryarsa ta fi cika, da shi da aikinsa za a tafi babban baje koli a Sakkwato. Tun kafin ya rufe baki na ga kaina a cikin mota.

Gonar babana na zana, shi da ya rasu shekara biyu kafin nan. Gero kore shar ya fara fidda kai, hadari ya haɗo daga gabas, ga gawon nan tsaye a tsakiya, rassa fari-fari, ba ganye ko ɗaya. Sati uku na yi a kansa, har masu babura suka fara ƙorafin na yi watsi da su.

Saura kwana huɗu a buɗe baje kolin, Malam ya zo duba aiki. Ya yaba geron, ya yaba hadarin, sannan ya sa yatsa a kan gawon ya tambaye ni abin da ya kawo mataccen ice tsakiyar damina. Ya ce idon mai kallo rai yake nema, kuma duk wanda ya gani zai ɗauka fenti ne ya ƙare mini. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini nasa zanen. Shi ma gawo ne, amma ya yi lema da koren ganye, ga gero kore a ƙarƙashinsa. Gaskiya ya yi kyau, hannun mutumin nan ba na wasa ba ne. Ya ce in sa wa nawa ganye a rataye shi a gaba, in ba haka ba sai dai a nema masa wuri can baya.

Na san ba daidai ya faɗa ba. Duk wanda ya tashi a gona ya san gawo ba ya bin sauran itatuwa. Ruwa na sauka yake kaɗe ganyensa, sai rani ya shigo kowa ya bushe sannan shi ya yi kore. Amma ni da nake iya awa guda ina musu da ɗan kabu-kabu a kan launin fure, ranar nan "To, Malam" kawai na iya cewa. Mutum ɗan birni, ya yi shekaru yana karatun zane a kwaleji, ni wane ne da zan gyara masa? Har na fara tunanin watakila a zane akwai wata doka da ta fi ta gona.

Washegari da hantsi ina shago ina dama koren fenti sai ga Inna, mahaifiyata, da ta zo daga Rimawa ganin jikoki. Ban taɓa gaya mata abin da nake zanawa ba. Ta tsaya gaban katakon ta daɗe tana kallo, har na ga ta kai gefen mayafi ido.

"Wagga ai gonar babanka ta," ta ce. "Ga gawonai nan. Mi kaka son yi da wanga kore?"

Na gaya mata yadda muka yi da Malam. Ta kalle ni irin kallon da take mini ina yaro idan na yi ƙarya.

"Gawo da ganye, hatsi na hidda kai? In kas sa mai ganye, gonar wani ka zana, ba ta babanka ba."

Ta juya ta wuce gida. Na zauna da buroshi a hannu har fentin ya fara daskarewa, sannan na rufe gwangwanin. Da na sanar da Malam bai yi fushi ba. Kafaɗa ya ɗaga, ya sa aka rataye zanena a lungun bayan ƙofa, kusa da randar ruwan sha.

Ranar kasuwa aka buɗe. Zauren ya yi kyau ƙwarai. Wata baiwar Allah daga Rabah ta kawo hotunan furen albasa da na belbela a bayan saniya, wani ɗan Goronyo ya kawo na kwale-kwalen masunta a kan ruwan dam. Zanen Malam na tsakiya, shi ke fara tarbar ido. Da safe ɗalibai da malamai da ma'aikata suka cika wurin, ina tsaye ina jin ƙarar wake yana faɗawa ƙoren mutane. Har azahar ƙwaya biyu ce a tawa. Ɗaya ta matata ce, ɗayar har yau ina zargin faɗuwa ta yi daga hannun wani mai shan ruwa. Raina ya ɓaci sosai. Na so in sauke abina in tafi gida, kuma a zuciyata na ɗora wa Inna laifi, Allah ya yafe mini.

Bayan sallar azahar kasuwa ta fara sakin mutane. Manoman albasa suka shigo, masu shanu suka shigo, har da mata masu tallar nono. Cikinsu akwai wani dattijo Bafulatani daga Boyekai, da sandarsa a kafaɗa. Ya zagaya a hankali da wakensa a hannu, ya zo gaban zanen Malam ya tsaya. Ya nemi wanda ya yi shi, Malam ya matso yana murmushi.

"Malam, hannunka na da kyau," in ji dattijon. "Amma wanga gawo ina shike? Tun ina yaro nike kiwo, ban taɓa ganin gawo da ganye da damana ba."

Wani manomi da ke bayansa ya ce ai da haka gawo yake, inuwarsa za ta kashe hatsi, ba wanda zai bar shi cikin gona. Aka yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, irin wadda ake yi wa baƙo idan ya ɗaura wa jaki kaya a karkace. Dattijon ya wuce randa shan ruwa. Ya ɗago kai da moɗa a hannu, idonsa ya sauka a kan zanena. Ya ajiye moɗar.

"To, ga gawo," ya ce. "Wanda yay yi wanga ya san gona."

Ya jefa wakensa. Ban san lokacin da lungun nan ya cika ba. Wannan ya ce akwai irinsa a gonar kakansa, wancan ya ce saura kaɗan wannan hadarin ya zubo, wata mai nono ta koma waje ta jawo 'yan uwanta. Kafin la'asar an kawo ƙwarya ta biyu. Ba a ma tsaya ƙirga ba.

Abin da na ji tsoro shi ne Malam. Na ce shi ke nan, na yi abokin gaba. Sai ya je wurin dattijon ya rusuna, ya ce Baffa ya yi masa bayanin icen nan. Ya saurara har ƙarshe, ya amsa cewa shi da rani ya ga gawon, geron kuwa daga kansa ya ƙara. Daga nan ya sauke zanensa da hannunsa, ya ɗauko nawa ya rataye a tsakiya. Ya kama hannuna ya ce wa jama'a ga mai zanen da zai wakilce su a Sakkwato. Mai zane ya ce, ba mai fenti ba. Hawaye suka zubo mini a gaban 'yan kabu-kabun da nake yi wa tsiya kullum, ban kuma damu ba.

Mun je Sakkwato da zanen yadda yake. Da damina ta zagayo, Malam da kansa ya roƙi in kai shi Rimawa. Ya tsaya ƙarƙashin gawon yana kallon rassa tsirara, gero ya kewaye shi. Inna ta miƙa masa ƙwaryar fura ta ce, "Malam, ko mu sa mai ganye?" Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi.

Koren fentin nan ƙofar shagona na shafa wa, har yau shi nake fara gani kowace safiya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da mutum ya tashi yana gani da idonsa shi ma ilimi ne, ko ba takarda a kansa. Ina girmama masu karatu, ina kuma koyo a wurinsu, amma ban sake shafe abin da na san gaskiya ne don wani ya fi ni takarda ba.