Sabarar da Na Sa Aka Tuge

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni saurayi ne da bai daɗe da gama makarantar koyon aikin daji ba, aka turo ni Dutsin-Ma a matsayin malamin daji. Ina da keke, da littafin ƙa'idoji, da tsoron kada a same ni da laifi. Ba na tsammanin mugunta ce a raina. Abin da zan iya cewa shi ne, duk abin da ban gani a rubuce ba, ba na sakin jiki da shi.

Aikina na farko mai nauyi shi ne wani fili kusa da Wurma, inda aka haƙi marmara don gyaran hanyar Kurfi. Filin rabin gonar wani dattijo ne, an karɓa bisa alkawarin za a mayar masa in an gama. Masu haƙa sun cike ramin, sun baje ƙasar saman da suka tara a gefe, sun tafi. Ƙa'ida ta ce kafin a miƙa fili ga mai shi sai an share shi, an dasa itatuwa a layi, babban jami'i ya zo ya ƙirga waɗanda suka kama. Abin da aka ba ni in dasa shi ne bedi, wanda wasu ke kira dalbejiya.

Da na je bayan ruwan fari, sai na tarar sabara da kalgo sun tofo ko'ina a filin, daga saiwoyin da suka rage cikin ƙasar da aka baje. Babu su a jerin itatuwan littafina, kuma za su ɓata layi. Na sa leburori su tuge su. Dattijon ya zo da fartanya a kafaɗa, muka gaisa, ya kira ni Malam duk da ya yi jika da ni. Ya ce ƙasar nan tafin hannu ce kawai a kan dutse, sabarar ce ke riƙe da ita, in bari ta yi damina biyu tukuna. Na ce masa, Baba, haka takarda ta ce. Ya yi dariya ya tambaye ni ko takardar ta taɓa yin damina a Wurma, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin an kori mai gida don a sauki baƙo ba. Leburori suka yi dariya, ni kuwa na ji kunya, kuma ina jin kunyar ce ta ƙara mini taurin kai.

Abu ɗaya ya roƙa. Surukarsa ta haihu, ana dafa mata ganyen sabara don wankan jego, in bar musu kusurwar gabas kada mata su yi nisa. Na bari, ba da son raina ba, har na rubuta a rahotona cewa akwai gefen da ba a share ba, don kada a ce na ɓoye.

Marka ta sauka, ruwa ya kwashe ƙasar da muka sassauta da tugar saiwoyi, marmara ta fito fili ja wur. Yawancin bedin suka bushe kafin kaka. Jami'i ya zo ya ƙirga, ya ce filin bai cika ƙa'ida ba, ba za a mayar ba sai an sake dashe. Muka sake, aka sake asara. A damina ta biyu kwazazzabo ya buɗe daga tsakiyar filin ya shiga rabin gonar da dattijon ke nomawa. Ba zan rantse cewa da na bar sabarar hakan ba zai faru ba, amma kusurwar gabas ko taki ɗaya ba ta zaizaye ba.

Daga baya na ji ya kwashi iyalinsa ya koma Shema, inda ɗan'uwansa ya ba shi aron gona. Sau ɗaya muka haɗu a kasuwar Kurfi. Na so in kauce, ya riga ni sallama, ya tambayi aiki, sannan ya tambayi lafiyar baƙin nawa. Na ce sun mutu. Ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cinikin gishirinsa. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Ba na cewa ƙa'ida banza ce, na yi aiki da ita har na bar aiki. Amma wanda ya rubuta ta bai ga filin ba, ni na gani, kuma an gaya mini gaskiya a kan kari. Da na rubuta wa na gaba da ni na nemi izinin barin abin da ya tofo, wataƙila da an yarda. Ban tambaya ba, don ina tsoron a ce ban san aikina ba. Ina jan kunnen matasan da ake turawa gyaran filayen haƙa: kafin ku tuge komai, ku tambayi mai ƙasa abin da ke riƙe da ita. A duk filin nan, wurin da ya rayu shi ne wanda na rubuta a rahotona a matsayin laifi.