Farar Wutar Kakata

Har yau idan aka ƙyasta ashana kusa da ni, sai in ji gabana ya faɗi. Warin farar wuta ne. Na san shi tun kafin a koya mana a kolej cewa sunanta sufur.

Ina 'yar shekara takwas a gidanmu na Gaya ƙazuwa ta kama ni, lokacin yankan shinkafa. Mushe, wato malamin makarantarmu ta lekol, ya duba tsakanin yatsuna, ya ce in zauna gida sai na warke. A gidan ma aka ware mini tabarma da moɗa. Inna tana goyo, daga nesa take turo mini akushi. Yara su tafi bakin kogi, ni ina gindin mangwaro ina susa. Wallahi kaɗaicin ya fi ƙaiƙayin ciwo.

Sai kakata ta wajen uba ta zo daga Tanda, da wani dunƙule rawaya na farar wuta ƙulle a bakin zane. Da shi take murza wa tsofaffi wuya idan ya sanƙare, maharba kuma su roƙi ɓarɓashinsa don albarushi. Ta daka shi, ta kwaɓa da man kaɗanya. Inna ta miƙa mata tsumma ta naɗe hannu.

Kaka ta ce, "Tsumma? Jikata zan shafa ko jaki?"

Da tafin hannunta ta riƙa shafe ni safe da yamma, tana yi mini tsiya wai ina wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Na warke, na koma lekol. Sai ga ƙurajen a yatsun Kaka. Tabarmar da na bari aka shimfiɗa mata. Wata la'asar ta kira ni.

"Zo ki shafa mini a baya, ƙawata, hannuna ba ya kaiwa."

Tsoro ya kama ni kada a sake ware ni. Na ce mushe ya ba mu aiki, na ruga waje. Ba ta sake kirana ba. Bayan kwana shida ta koma Tanda, kafin damina kuma aka aiko ta rasu. Ba ƙazuwar ce ajalinta ba, na sani, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Yanzu ni ma na yi jikoki, duk suna Yamai. Farar wutar tana nan a farmasi, an zuba ta cikin sabulu da man shafawa, kowa ya saya ya shafa abinsa. Ni dai kunya nake ji har gobe. Bayan tsohuwa ne, bai wuce tafin hannu uku ba, kuma sau ɗaya tak ta roƙe ni.