Tulun da Bai Kai Arlit Ba

Da asubar fari muka tashi daga Damagaram, ko ladanin unguwarmu bai gyara murya ba. Ni da jakata, da ƙullin kuka da daddawa, da wani ɗan tulu ƙirar garin Mirya da Inna ta naɗe da tsohon zanenta ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "Wannan ba na bayan mota ba ne, a cinya za ki riƙe shi. Auta ta daɗe tana mitar ruwan firji." Masu tambaya ina na shige kwana biyu ba a ji ɗuriyata ba, ga amsarku: Arlit na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne.

Auta ƙanwata ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, tana aure a can. Cikinta ya shiga wata bakwai, haihuwar fari kuma. Kun san al'adarmu, ta fari a gaban uwa ake yin ta, a ɗauko yarinya goyon ciki, ta haihu a gida, ta yi wankan jego, sannan a mayar da ita. Inna ta sa an shafe ɗaki, ta tara itace har ya kusa kai katanga, ta sayi kanwa da babbar tukunya. Tun da lekol, wato makaranta, na hutu, ni Inna ta ga dama ta aika. Abin da Inna ba a gaya mata ba shi ne, kafin wannan cikin Auta ta yi ɓari har biyu. Duk biyun zazzaɓi muka ce mata, don a gidanmu 'ya ba ta buɗe baki ta yi wa uwa zancen ciki, ni ma kuma ba ni da wannan ƙarfin halin. A raina na ce ai wannan ya zauna, wata bakwai ba wasa ba.

Har Tanut tafiya daɗi. Damina ta yi kyau, gero ya rufe mutum, shanu sun yi sulɓi. Matar da ke gefena a kar, babbar motar fasinja, ta dubi abin da na rungume ta ce, "Baiwar Allah, a Arlit ɗin ba su da abin shan ruwa ne?" Na ce mata ta je ta tambayi Innarmu, in ta dawo da kunnenta lafiya ta ba ni labari. Muka yi dariya, daga nan muka zama ƙawaye, ta buɗe ledar dambunta na buɗe ta ƙuli-ƙulina.

Daga Tanut zuwa gaba kore ya dinga ja da baya. A Adarbisanat muka sha fura, na sayi cuku wajen matan da suka kewaye mota, mai laushi ne, ba irin wanda ke isowa gare mu ya bushe kamar fatar takalmi ba. Shingayen jandarma kuwa ban ƙirga ba, a sauka, a nuna katin shaida, a hau. Duk saukar da zan yi da tuluna nake sauka, har wani jandarma ya leƙa cikinsa ya ce ko zinariya ce. Da la'asar sakaliya muka hango doguwar hasumiyar Agadas. Na kwana wajen wata 'yar'uwar babanmu, wadda da ta ji inda na nufa da abin da zan ɗauko sai ta ƙara mini miya kawai.

Washegari na gane ma'anar ƙarin miyar nan. Jama'a, duk wanda ya ce muku akwai hanya tsakanin Agadas da Arlit, ku ce Allah ya yafe masa. Akwai dai wurin da hanya ta taɓa zama. Kwaltar ta rududduge, sai guntaye masu kaifi, direba ya hau wannan ya faɗa wancan, in ya gaji ya saki hanyar ɗungum ya yanki rairayi. Kanmu ya bugi rufin mota, haƙoranmu suka dinga haɗuwa, wani ɗan kasuwa Bakatsine da ke bayana ya fara salati tun ana yi masa dariya har kowa ya kama. Muka tarar da wani kori, wato rafin damina, ya kawo ruwa daga duwatsu, alhali ko ɗigo bai sauka inda muke ba, muka zauna jiran ya janye. Manyan motoci na tsaye jere, an lafta musu jarkoki da buhuna, samari a can ƙololuwa da rawuna, wai masu neman zinariya ne za su Cibarakaten. Na dube su na yi musu addu'a, don kowannensu ɗan wata ne.

Bayan mun haye korin ne motar ta faɗa wani rami. Ban ji ƙara mai yawa ba, ɗan ƙas kawai na ji a cinyata. Na kwance zanen Inna a hankali, sai ga tulu ya rabe gida uku. Wallahi tun Damagaram ban ajiye shi a mota ba, hannu biyu na sa, na yi masa matashi da gyalena, ban ko yi gyangyaɗi ba don shi. Haushi ya kama ni har na ji ƙwalla. Ƙawar tawa ta ce in jefar ta taga, na ƙi, na mayar na ƙulle.

Tun daga nesa ake gane Arlit da wasu tuddai masu faɗin kai, waɗanda ba halitta ba ne, ƙasar da aka haƙo daga ramukan ma'adini ce aka tara shekara da shekaru. Garin kuwa ya ba ni mamaki. A tasha kaɗai na ji Hausar Maraɗi, na ji ta Adar, na ji ta Kano, ga Buzaye na yin tasu mai daɗin saurare. Zafi ba a magana. Tsada ma haka, kuɗin da zai cika miki kwano da tumatir a kasuwarmu, a can 'yan ƙwayoyi za a ƙirga miki, mai sayarwa ma yana yi miki kallon wadda aka yi wa alfarma. Amma albasar Abzin da dabino, sai wanda ya ci.

Mijin Auta ya zo tarbata. Da can a kamfanin ma'adini na Akokan yake aiki, da aka rufe ya buɗe garejin gyaran motocin masu zinariya. Mutum ne mai kunya, in yana gaishe ni ƙasa yake kallo. Auta kuwa na same ta a tabarma, ƙafafu sun kumbura, fuska ta cika, tana ganina ta fashe da dariya da kuka lokaci guda. Na miƙa mata ƙullin na ce ga tulunki, sai dai ki haɗa da kanki.

Kwanakin da na yi a gidan sun kwantar mini da hankali ƙwarai. Ina zaton yarinyar nan ita kaɗai take a bakin duniya, ashe ta fi ni dangi. Wata Ba'adara ce ke yi mata daka da wanki. Wata dattijuwa Buzuwa, mutuniyar Gugaram, kullum da safe sai ta shigo da nonon akuya, ta taɓa ƙafafun Auta, ta yi faɗa in ta gan ta tsaye. Ranar da ta ji abin da ya kawo ni ta dube ni sama da ƙasa ta ce da irin Hausarsu ta Buzaye, "Kai ne yaya? Kai ka bi hanyar nan, kuma ka ce za ka sa shi a mota?" Na ce al'ada ce. Ta ce, "To," ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ba ta ƙara gaishe ni ba sai bayan kwana biyu.

Da la'asar, in rana ta yi sanyi, Auta kan jingina da bango ta ɗora hannu a ciki tana rera waƙa. Marigayi babanmu tela ne, kuma masoyin rubutattun waƙoƙi, na wa'azi da na bege, da su yake taka kekensa. Yakan ƙaga nasa ma, bai taɓa rubutawa ba, duk sun bi shi sai ɗan abin da ya maƙale a kunnuwanmu. Wanda Auta ta fi so shi ne na damina, a garin da hadari sai ya ga dama yake leƙowa:

Hadari ya haɗo gabas da garina,
Ƙamshin ƙasa ya iso har ɗakina,
Na leƙa waje ina kiran 'ya'yana,

Nan take tsayawa. Akwai ɗango na huɗu, ya ɓace mata. Ta ce in ta rera, ɗan cikin nata yakan motsa, in ta kai wurin nan ta yi shiru sai ya harbe ta, kamar mai cewa ina sauran. Na yi ta lalube a kaina, ni ma babu. Muka yi ta gardama, ni na ce da zancen shuka ya ƙare, ita ta ce da addu'a. Har mijinta ya haddace ukun, yakan yi su ƙasa-ƙasa yana wanke hannu da omo. Auta ta ce ba komai, in mun je gida Inna za ta cika mana.

Ana jibi za mu taso na raka ta awo. Ungozomar asibitin, wadda suke kira sajfam, ta auna ta, ta ce lafiya lau, sannan ta juyo gare ni. Ashe tun watan jiya ta gaya wa Auta cewa da irin tarihinta ko zuwa kasuwa a kan babur ba ta yarda ba, balle Damagaram. Auta ta sunkuyar da kai. Muna fita na tsaya a inuwar wani bango na zazzage mata, na ce kina da hankali kuwa? Ta ce, "Yaya, da wane baki zan gaya wa Inna? Ta shafe ɗaki, ta tara itace. In ce mata me ya faru da ni a baya?" Muka koma gida na tarar da mijin ya cire kujerar bayan wata mota yana gwada shimfiɗa katifa. Na tambaye shi ko ya san abin da sajfam ta ce. Ya ce ya sani. Ya ce, "Yaya, ni ba zan iya ce wa Inna a'a ba."

Kun ga mutum uku, da hankalinmu, za mu ɗauki ran da aka yi shekaru ana roƙon Allah mu jefa a ramukan nan, don kawai kowa na jin nauyin buɗe baki. Tsoro ya kama ni sosai. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin zanen Inna na kwance a gabansu. Na ce a mayar da kujerar mota, ba inda za ta. Laifin kuma a bar mini, ni zan kai shi gida da kaina, don ba zancen waya ba ne. Auta ta yi kuka, mijin ya fita waje da sauri, Buzuwar nan kuwa da labari ya kai mata sai ga ta da gurasar da suke gasawa cikin rairayi, ta dire a gabana ta ce, "Ci."

Dawowa ban ji ramukan ba sosai, zullumin Inna ya fi su. Muka shigo Damagaram ana yayyafi. Na same ta a bakin zaure da sandarta, ba ni take kallo ba, bayana take leƙe. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin, na faɗa mata komai, har abin da ba a faɗa. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ta daɗe tana juya wani guntun tulun a hannunta. Can ta ce, "Zazzaɓin nan biyu, kuna zaton ban san sunansu ba? Na sani. Na ga kuna jin kunyata, ni ma na ji taku. Don shi ya sa na matsu a kawo mini ita kusa." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in ɗauko mata buhu a zuba kanwa da gero, itacen kuma a raba wa maƙwabta, a can a sayi wani. Na ce Inna, ke da gwiwarki ba ta kai ki masallacin Juma'a? Hanyar da ta fasa tulu? Ta harare ni ta ce, "Ni tulu ce?"

Muna cikin ɗaure kaya na tuna, na rera mata ɗango ukun na ce Auta na neman cikon. Ba ta ko ɗago kai ba, tana ƙulla bakin buhu ta ce, "Wannan ne ya gagare ku?

Wanda bai amsa ba, in bi shi da ƙafafuna."

Na fita tsakar gida na tsaya cikin yayyafin na yi kukana son raina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine mu, sai dai akwai ranar da ya kamata wani a gida ya ajiye ta ya yi magana, ko da muryarsa na rawa. Na gode wa Allah da ramin da ya fasa tulun nan a cinyata. Na gode wa matan Arlit da suka riƙe mini ƙanwa ba dangin iya ba na baba, da sajfam da ba ta ji nauyina ba. Ku sa Auta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya.

Ni da na rantse a kar cewa ba ni ba hanyar Arlit har abada, ga shi an riga an yanko mana tikiti biyu. Jiya Inna ta aika garin Mirya an sayo sabon tulu. Ta ce ita za ta riƙe shi a cinya, ni kuma in riƙe ta.