Kabarinka na Jira, Hamdo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, aka bugo waya daga Jamus cewa Allah ya yi maka rasuwa, Hamdo maƙwabcina. Ɗanka Elwedin ya ce a gida ka cika cikin barci, matarsa kuma ta gaya wa tawa cewa a asibiti ne. Ban san dalilin da zai sa mutuwa ɗaya ta zo da labari biyu ba, amma na riƙe abin a raina.

Shekara da shekaru kana jan farar motarka ta haya tsakanin garinmu na bakin kogin Drina da biranen Jamus. Kai ka kwashe samarinmu, daga baya ka dawo ka kwashe matansu da 'ya'yansu. Makarantar da a da ake karatu safe da yamma saboda yawan yara, yau aji ɗaya ya ishe ta. A shagon kofi mun sha tsokanarka.

"Hamdo, yau wa za ka sace mana? Saura liman da karnuka!"

Sai ka yi dariya ka ce, "Ku kwantar da hankalinku, tsofaffin banza. Duk wanda na kai, ni zan dawo da shi, ko a zaune ko a kwance."

Kuma ka cika alkawari. Da ƙanena Sakib ya faɗo daga gini a can, kai ka bi ofis-ofis har aka ba ka gawarsa, ka tuƙo ta cikin ƙanƙara, ka ƙi karɓar ko kofi a hannuna. A bakin kabarinsa ka faɗa mini abin da ban manta ba: iyalin da ke da kabari a nan, duk bazara sai sun zo, su share ciyawa, su buɗe tagogi, yaransu su ji harshenmu. Wanda aka binne a can kuwa, gidansa ya fita daga garin ke nan.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Da 'ya'yanka suka ɗauke ka zuwa Jamus a bazara, cewa aka yi aikin ido za a yi maka. Kafin wata ya ƙare an sayar da motarka. Makon jiya na ga baƙo yana auna lambunka da igiya. Yanzu kuma muna ta jiran gawarka. Na kira Elwedin, ya ce, "Baffa Shefik, takardu ne wallahi, ka san Jamusawa." Na san Jamusawa, amma kai ubansa ka fi shi sanin su, kuma ba ka taɓa barin gawar Musulmi ta daɗe haka ba. Jiya matarka Hasniya, da aka bari a nan gida, ta ce mini Elwedin ya tambaye ta ko fasfo ɗinta bai mutu ba. Ta ɗauka kulawa ce. Ni dai na ga idan suka binne ka a can, ita ma sun samu igiyar jan ta, a rufe gidan a sayar. Allah ya sa zargina ƙarya ne, zan fi kowa murnar jin kunya.

Mun haƙa maka kabari kusa da na mahaifiyarka, mu huɗu, babu ɗan ƙasa da shekara sittin a cikinmu. Mun rufe shi da katako saboda ruwan sama.

Allah ya jiƙanka, Hamdo, ya yafe maka, ya sa aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hasniya da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba su haƙuri. Elwedin, ka kawo mana ubanka. In kuwa ba ka kawo shi ba, ramin ba zai yi asara ba, ni zai jira. Nawa 'ya'yan ma suna can, kuma babu sauran direban da zan yarda ya kai ni aikin ido.